Makullin da na cire daga akwatin saƙon ƙungiyarmu

Da za a ce in koma baya in warware abu guda cikin abin da hannuna ya aikata, da wata hantsi zan koma, a wani ɗan ɗaki kusa da kasuwar Diffa, in riƙe yatsana kafin ya danna wata kalma guda ta Faransanci. Na tsufa, sunayen jikokina ma sai na yi ta lalube kafin in kama na wanda nake kira, amma wannan al'amari ba zai fita daga kaina ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa.

Ni Babarbare ne, manomin tattasai a kwarin Komadugu, wajen Gagamari. Karatuna bai wuce sartifika ta firamare ba. Na daɗe ina aikin planto a wani biro, wato ofis, ina kai takardu daga wannan ƙofa zuwa waccan, a nan na ƙara tsintar Faransanci. Da na ajiye aiki na koma gona, ƙungiyarmu ta manoma ta ce ni ne sakatare, tun da ni ke iya riƙe takarda ban juya kanta ƙasa ba. Na karɓa, kuma ba zan ɓoye ba, kaina ya ɗan kumbura.

Wata ƙungiyar agaji ta ba mu tsohon ordinater, wato kwamfuta, ta buɗe mana akwatin mel da sunan ƙungiya, sunana kuma a ƙasan kowane saƙo. Wadda ta zo ta haɗa mana shi ma'aikaciyarsu ce mai kula da na'urori, Bafulatana daga yamma, muna kiranta madam, sa'ar ƴata ta biyu. Kun san abin da ke tsakanin Barebari da Fulani. Tun daga bakin ƙofa ta fara.

"Ina bawan nawa? Baba bawana, matso ka ga aikin iyayen gijinka."

Na ce, "Ke ƴar nan, ranar da kakanki ya shigo kwarin nan da sandarsa, mu muka ba shi ruwa, har yau bai mayar da ƙwaryar ba."

Ta yi dariya, ta ja mini kujera. Ta koya mini buɗewa da rufewa da aikawa. Daga ƙarshe ta buɗe wani shafi ta ɗora yatsa a kan wasu haruffa.

"Ka ga nan da aka rubuta SSL/TLS? Shi ne makulli. Shi ke rufe maganarka tun daga ɗakin nan har ta isa serber, babbar na'urar da ke ajiye saƙonninku a wata ƙasa. Kalmar sirrinka ma ta nan take bi duk lokacin da ka buɗe akwati. Taɓa duk abin da ka ga dama, bawana, ban da wannan."

Da aka zo zaɓen kalmar sirri ta juya fuskarta bango. Na sa sunan da nake kiran marigayiya matata da shi in muna mu biyu, sunan da ko ƴaƴanmu ba su taɓa ji ba. Na ce a raina duk duniya babu mai cankar wannan.

Ba mu da layinmu na kanmu. Rezo, wato intanet, daga shagon da ke manne da mu muke samu, mai fotokopi da cajin waya, wanda ke ba duk wanda ya saya lambar wifi a ƴar guntuwar takarda. A ƙofarsa akwai benci ƙarƙashin dogon yaro, ba ya rabuwa da mutane: direbobi, ƴan kasuwa, ɗalibai, ma'aikata, har da manoman ƙungiyarmu in sun shigo gari.

A shekarun nan ne aka tashi garuruwa da yawa na bakin kogi, mutane suka dawo bakin titi suka kafa rumfuna. Cikinsu akwai wani magidanci da ya zo da matarsa da ƴaƴansa ƙanana. Makanike ne, hannunsa na da albarka a kan motopom, injin ban ruwa. Da ya gyara mana injuna ya ƙi karɓar komi, muka ara masa fili kusa da ruwa ya dasa tattasai. Ni na tsaya kai da fata a kan haka. Na san akwai waɗanda abin bai yi musu daɗi ba, don filin da ke kusa da ruwa kowa na da ido a kansa, amma ba wanda ya faɗa a gabana.

Mu a kwari muna da wata ɗabi'a. In motopom ya ƙi jan ruwa, kafin a duba komi sai a cire rariyar da ke bakin tiyo. Ruwa ya zo, a yi murna, yashi kuma ya bi ya shiga ya ci injin a hankali. Makaniken nan kullum faɗansa ke nan da mu. Yakan ce, "Baba, ruwa zai zo yau, amma kafin tsinka za ku kawo mini injin a kan amalanke." Mu yi dariya, in ya juya baya mu sake cirewa.

Da irin wannan kai na je gaban ordinater.

Wata bazara aka yi ta ɗauke kuran, wato wutar lantarki, kwana da kwanaki ɗakin a rufe. Ranar da wuta ta dawo na kunna na'ura, akwati ya ƙi buɗewa. Wani gargaɗi ya fito da Faransanci mai wuya, wai takardar shaidar serber ba ta inganta ba. Na rufe, na sake, shi ne dai. Madam ta tafi hutu yamma, wayarta ba ta shiga. Mu kuwa muna jiran saƙon ranar rabon iri, mutane na leƙowa ta taga suna cewa, "Sakatare, an turo?" Na ji kunya ta kama ni. Na buɗe shafin nan da ta nuna mini. Na danna kan SSL/TLS, wasu kalmomi suka sauko a ƙarƙashinsa, cikinsu har da Aucune, wato babu. Na ce to, ga rariyar. Na danna. Lambar da ke gefe ta sauya da kanta daga 995 zuwa 110. Na je ɓangaren aikawa na yi masa haka shi ma. Kafin in gyara zama saƙonni suka zubo.

Wallahi ranar har kasuwa na zagaya ina ba da labari. Na lura a kusurwar allon na'urar tana nuna wata tsohuwar shekara da ta wuce tun tuni, na yi dariya na ce ordinater ma ya fara ruɗewa irin tawa. Ban ƙara tunawa da abin ba.

Da madam ta dawo ta leƙo ta ce, "Bawana, komi lafiya?"

Na ce, "Lafiya lau. Nan ba a neman Fulani."

Da na faɗa mata gaskiya a ranar, da ba ku karanta wannan ba.

Damina ta wuce, aka dasa, tattasai ya fara fure. Wata safiya ina bakin gona sai ga matar makaniken tana gudu, goyo a baya, mayafinta a hannu. Ta zube a gabana.

"Baba, sun tafi da shi. Yana cikin ba da ruwa suka zo. Ko takalminsa bai sa ba."

Na ce ta kwantar da hankalinta, kuskure ne, na san kan biro, zan je in dawo da shi. Haka na faɗa, da bakin nan nawa. Lokacin an hana hawan moto, wato babur, muka samu wata mota ta kai mu gari, ta zauna a gindin katangar ofishin jami'an tsaro, ni na shiga.

Jami'in da ya karɓe ni mutumin kirki ne, ya ba ni kujera. Da na faɗi sunana ya ɗaga kai ya dube ni da kyau.

"Kai ne sakataren? Ai mu ya kamata mu zo mu gode maka, Baba."

Ya zaro takarda ya juyo mini ita. Saƙo ne daga akwatin ƙungiyarmu. Ya fara da gaisuwar da nake fara kowane saƙo da ita, ya ƙare da addu'ar da nake rufewa da ita, ga sunana a ƙasa. A tsakiya an rubuta cewa baƙon da muka ba fili yana gyara wa mutanen tsallaken kogi, masu ɗauke da makamai, injuna, yana kai musu mai a ɓoye. Duk wanda ya zauna a Diffa a shekarun nan ya san nauyin wannan magana.

Na karanta, na sake karantawa. Kunnuwana suka toshe. Na ji kamar an nuna mini hotona a wurin da ban taɓa zuwa ba.

Na ce, "Wannan... daga ina?"

"Daga wurinka mana. Akwai wanda ya san kalmar sirrin ban da kai?"

"Babu."

"To kai ka rubuta ke nan. Ko so kake ka janye? Wani ya zo ya tsorata ka?"

A nan ne na yi abin da ya fi danna kalmar nan muni. Na ga in na ce ba ni ba ne, tambaya ta gaba ita ce me ya sa nake kare shi, me ya sa ni na ba shi fili. Na tuna da iyalina. Na ji bakina ya ce, "A'a, ba wanda ya tsorata ni." Na ɗauki hulata na fito.

Matar ta miƙe da ta gan ni. "Me suka ce, Baba?"

Na ce, "Sun ce a yi haƙuri."

Kwanakin da suka biyo baya abinci bai shiga cikina ba. Na buɗe ordinater na duba saƙonnin da na aika, babu shi a ciki. Na yi tunanin aljanu. Na yi tunanin ko tsufa ne ya taɓa mini kai, na rubuta na manta. Har na zauna ina tambayar kaina ko na taɓa jin haushin mutumin nan a ɓoye ban sani ba. Duk wannan, tunanina bai je kan abin da na danna da bazara ba, don a wurina gyara na yi.

Da abin ya fi ƙarfina na kira madam, na ce ta zo, akwai magana. Ta shigo da wasanta, wai bawa ya ɓata wa uwargijiyarsa na'ura. Na ba ta labarin takardar. Ta zauna ta buɗe shafin nan, sai na ga dariyar ta bar fuskarta.

"Baba, wa ya taɓa nan?"

Tun da na san ta, ranar ce ta fara kirana Baba ba ta haɗa da bawana ba.

Na ce ni ne.

"Tun yaushe?"

"Tun bazara."

Ta rufe bakinta da hannu. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ciro ordinater ɗinta daga jaka, ta shiga wifi ɗin shagon, ta koma can ƙarshen ɗaki ta zauna. Ta ɗan yi danne-danne, ta ce, "Danna karɓar saƙo, kamar yadda ka saba."

Na danna. Ta taso ta ajiye na'urarta a gabana, ta kau da kai gefe.

Cikin wasu layuka na haruffa da ban gane ba, ga sunan matata. Baro-baro, harafi bayan harafi, a kan allon wata. Sunan da na yi shekaru ban furta ba ko a cikin ɗakina. Na ce, "Innalillahi. Ke ƴar nan, yaya aka yi?"

Ta ce, har yanzu ba ta dube ni ba, "Ban shiga na'urarka ba, Baba. A hanya na tsince shi. Tun ranar da ka cire makullin, duk lokacin da ka buɗe akwati haka yake fita tsirara. Wanda ya zauna kan bencin can, in ya san ɗan abin da na sani, ya gani. Kuma ba wani ilimi ne mai zurfi ba, a waya ma ana koyonsa. Da ya samu kalmar, ya karanta duk abin da ka taɓa rubutawa, ya koyi bakinka, ya yi magana da shi."

Na leƙa ta taga. Bencin cike yake kamar kullum, kowa kansa a sunkuye kan waya. Kusan duk na san su, wasu na san iyayensu. Ɗaya ya ɗaga mini hannu yana murmushi.

Na tambaye ta to me ya hana akwatin buɗewa tun farko. Ta nuna mini kusurwar allo, inda tsohuwar shekarar take. Ta kwance murfin ordinater ta ciro wani ɗan pil, ƙaramin batir kamar maɓallin riga. Shi ke riƙe wa na'ura lokaci in babu kuran, ya mutu, na'urar ta koma baya, ta ga takardar shaidar serber ta zo daga shekarar da a ganinta ba a kai ba, ta ƙi yarda da ita. Gaskiyarta. Madam ta fita wurin mai gyaran agogo a bakin kasuwa ta dawo da sabo, ta sa, ta gyara kwanan wata, ta mayar da makulli. Akwati ya buɗe ba gardama. Shayin da aka kawo mata ma bai huce ba.

Ta ce su ma da nasu laifin, bai kamata serber ya karɓi wanda ya zo babu makulli ba, kuma a ranar ta sa aka rufe wannan ƙofa ga kowa. Na san tana so ta rage mini nauyi ne. Ta sa na sauya kalmar sirri. Sannan ta nemi masu kula da serber su turo mata bayanin saƙon. Ya nuna daga wata waya aka aika shi, ba daga na'urarmu ba, a wata Juma'a da nake Maine-Soroa wurin jana'izar ƙanen mahaifiyata, gaban mutane da yawa.

Muka koma wurin jami'in tare. Wannan karon na faɗi komi, har da tsoron da ya rufe mini baki. Ya saurare mu har ƙarshe, ya duba takardun madam, ya ajiye alƙalaminsa a hankali.

"Baba, me ya sa ba ka faɗa ba ran nan? Ran nan yana bayan bangon nan. Da ka ce ba kai ba ne, da mun tsaya mun bincika. Shekaranjiya aka wuce da su yamma. Yanzu magana ta bar hannuna, tana gaban alƙali."

Ban san yadda na fito daga ɗakin ba. Madam ce ta riƙe mini hannu a kan matakala.

Abin da ya rage sai zirga-zirga. Na ba da shaida, na sake bayarwa. Bulama, mai garinmu, ya sa baki, manyan ƙungiya suka tsaya masa. Muka shayar da tattasansa, muka tsinke, muka shanya, muka kai wa matarsa. Na faɗa mata gaskiya da bakina a gaban bulama. Ta karɓi buhunan don yara, amma daga ranar in ta hango ni sai ta sauya hanya. Wanda ya rubuta saƙon kuwa ba a taɓa gano shi ba. An sha sayar da lambar wifi ɗin nan ga wanda ba a san adadinsa ba, wayar ma ba a sake jin ɗuriyarta ba. Na daɗe in na tsaya a sahu sai in kama kaina ina kallon ƙeyar na gabana ina cewa ko shi ne.

Sai da wata damina ta zo ta wuce sannan aka sako makaniken, aka ce babu laifi a kansa. Na je rumfarsa da rana tsaka don kowa ya gan ni. Na same shi zaune a kan tabarma, ya rame, hannuwansa a kan gwiwa. Ban taɓa ganin hannuwan nan babu baƙin mai ba sai ranar. Na yi sallama, ya amsa. Na zauna a ƙasa, ban hau tabarmar ba. Na ba shi labari tun daga pil har zuwa hular da na ɗauka na fita.

Ya saurare ni har na gama. Can ya ce, "An karanta mini takardar, Baba. Har sunanka. Na ce ƙarya ne, suka nuna mini da idona. Tun daga ranar, kowace salla sai na kai ƙararka wurin Allah, da sunanka da sunan mahaifinka. Shi ya riƙe ni a can. Yanzu ka zo ka ce ba kai ba ne. To wa zan kai?"

Na ce, "Ni ɗin dai. Wani ya rubuta, amma ni na buɗe masa, ni kuma na yi shiru."

Ya dube ni, idonsa ya yi ja. "Da ka ce musu ba kai ba ne, da a gida na kwana?"

Na ce, "Haka jami'in ya ce."

Ya gyaɗa kai. Ya ce, "Ba zan yi maka ƙarya ba. Yau ban iya cewa na yafe. Ka tashi, Baba, ƙasa ba wurin zamanka ba ne."

Bai sake taka filin ba. Muka roƙe shi, ya ce ba zai iya sunkuyawa ba da ruwa a wurin da bai san wanda ke bayansa ba. Kafin dashe ya kwashe iyalinsa suka koma wajen Ngelbeli, inda dangin matarsa suke. Nakan aika masa gaisuwa in na samu mai zuwa. Ana ce mini yana amsawa. Kalmar da nake jira dai har yau ba ta iso ba, kuma ba ni da bakin neman ta.

Abin da na koya ba shi da yawa. Akwatin saƙo da ke ɗauke da sunanka bakinka ne, wanda ya shige shi zai yi magana a madadinka, a kuma yarda da shi. Ku da ke riƙe da na ƙungiya, ko na biro, ko naku na kanku, in na'ura ta ƙi buɗewa ta ce ba ta yarda da wani abu ba, ku duba kwanan wata, ku jira wanda ya sani, ko da mutane na leƙo ku ta taga. Kada ku cire makullin don saƙo ya zo. In kuma aka ajiye muku takarda da sunanku a kan maganar da ba ku faɗa ba, ku ce ba ku ba ne tun kuna kan kujerar, tun mutumin yana bayan bango. Ni na ɗauki hulata. Don Allah kada ku ɗauki taku.